KAFIN KI BUSA USUR

Na san wata za ta buɗe wannan shafi ta ga ana zancen ƙwallo, ta taɓe baki ta ce mu da ke fama da tukunya da wankin yara me ya haɗa mu da tamaula? Ki yi haƙuri ki ɗan saurara 'yar uwa, domin kuwa duk macen da ke da yara ko da biyu ne a gabanta alƙaliya ce, ko ta sani ko ba ta sani ba. Daga wayewar gari zuwa kwanciya, sau nawa ake kawo miki ƙara? Wane ya shanye mini kunu, wance ta ɗauke mini ɗankunne, wa ya fasa kwanon tangaran. Ke ce mai sauraro, ke ce mai yanke hukunci, ke ce kuma mai riƙe da tsumagiya. To akwai wani alƙalin wasa da ya yanke hukunci a gaban duniya yau fiye da shekara 25, kuma har gobe ina ganin mu mata muna da abin ɗauka a ciki.

Ranar Lahadi ce, 13 ga Fabrairun shekarar 2000, aka buga wasan ƙarshe na cin kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kamaru a babban filin wasa na Surulere da ke Legas. Najeriya da Gana ne suka ɗauki nauyin gasar tare, har an buga wasu wasannin a filin Sani Abacha na Kano, shi ya sa zancen ya shigo mana Arewa sosai. Daɗin daɗawa ga 'ya'yanmu biyu 'yan Kaduna a cikin 'yan wasan, Tijjani Babangida da Garba Lawal. Babangidan nan shi ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo 2 a wasan kusa da na ƙarshe, sai sunansa ya cika bakin kowa, har tsofaffin da ba su san raga ba.

Lokacin ina amarya a Wurno, ban daɗe da tarewa ba, ga sanyi ana tsakiyarsa. Ƙannen maigida suka aro talabijin da batirin mota suka girke a tsakar gida, saboda Inna, wato uwar mijina, ta ce ita ma sai ta ga Babangidan nan da aka ishe ta da zancensa. Maza na gaba a kan tabarma, mu mata muna daga baya bakin ɗaki mun ƙudundune cikin mayafi.

Tun ba a je ko'ina ba Kamaru suka zuba mana biyu, Samuel Eto'o ya ci, Patrick Mboma ya ƙara. Gida ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Raphael Chukwu ya rama ɗaya, ana dawowa kuma Okocha ya ɗirka wata daga nesa, aka koma 2 da 2. Haka aka tashi, aka yi ƙarin lokaci ba wanda ya ƙara, sai aka ce bugun fanareti ne zai raba gardama. Ga wadda ba ta sani ba, ana ajiye ƙwallo ne yadi 12 daga raga, daga mai bugu sai mai tsaron gida, kowane ɓangare mutum 5, wanda ya fi ci shi ke da kofi.

Okocha ya ci, Okpara ya ci, mai tsaron gidan Kamaru ya tare ta Kanu. Sai ga Victor Ikpeba, wanda shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar 1997. Ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta ciki, ta faɗo ƙasa, ta yi tsalle ta fito waje. Dokar wasa ta ce muddin ƙwallo gaba ɗayanta ta ƙetare layin raga to an ci, ko da ta sake fitowa. Alƙalin wasan, Mourad Daami ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Shi kuwa Ikpeba sai ya ɗora hannu biyu a ka, ya juya ya tafi kamar wanda ya ɓarar.

Da masu talabijin suka maimaita hoton a hankali, kowa ya gani ƙuru-ƙuru, ƙwallon ta sauka a bayan layi. Tsakar gidanmu ta kaure da ihu, ƙanen maigida yana ta dukan tabarma yana cewa, "Wallahi ta shiga! Kowa ya gani, an cuce mu!" Amma alƙali ba ya ganin abin da muke gani. Marc-Vivien Foe na Kamaru ya ɓarar da tasa, Oliseh ya ci, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe ya ci, aka tashi 4 da 3, kofi ya tafi Kamaru. Ban ce da an ba mu ƙwallon nan lallai mu ne da kofi ba, 4 da 4 za ta zama a ci gaba da bugu. Damar ce aka ƙwace mana, ita ce kuma ta fi ciwo.

Da hayaniya ta lafa sai Inna ta gyara zama ta ce, "Ku bar zagin alƙali. Yaron ga shi yak kashe kainai. Wanda yac ci ai murna shikai, shi ko hannu yaɗ ɗora bisa kai. Mi kuka son alƙali shi ce?" Kowa ya ce gaskiyar Inna ce, kuma har yau mutane da yawa haka suke faɗa. Ni dai amarya ce, ba a musu da suruka, na sunkuyar da kai na yi shiru. Amma zuciyata ba ta yarda ba, domin na san wannan hannun da ake ɗorawa a ka, na taɓa ɗora shi.

Ina da shekara 9 aka kai ni riƙo Goronyo wurin wata 'yar uwarmu mai sana'ar suyar kifi, irin wanda masunta ke kamowa a madatsar ruwa. Ni ke yi mata talla. Wata rana da almuru ta ƙirga ciniki ta ce Murtala guda ta ɓace, wato Naira 20, kuɗi ne masu auki a wancan zamani. Ta jera mu mu huɗu, uku 'ya'yan cikinta, sai ni. Su ukun suka tsaya ido a soye suna rantsuwa. Ni kuwa tun kafin a zo kaina jikina ya ɗauki rawa, hawaye ya ɓalle, na ɗora hannu a ka, don na san in abu ya ɓace a gidan ba ni da mai tsaya mini. Ta dube ni ta ce, "Ku gani, ko dubana ba ta iyawa. Ke kiɗ ɗauke su." Na sha tsumagiya, na kwana ba tuwo, yaran gida suka laƙaba mini ɓarauniya.

Bayan kwana shida za a yi wanki, ta ɗauko wani zanenta ta kwance ƙullin da ke haɓarsa, sai ga Murtalar nan a nannaɗe. A gabana aka yi. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta cusa su a lalita, ba ta ce uffan ba. Zafin dukan ya wuce a kwana biyu, amma sunan ɓarauniya bai bar ni ba sai ran da na bar gidan, saboda ba wanda ya tara yaran ya ce musu an ga kuɗin.

Shi ya sa nake cewa ɗora hannu a ka ba amsa laifi ba ne. Ikpeba ya ji ƙarar ƙarfe, ya ga ƙwallo ta fito cikin ƙiftawar ido, gabansa ya faɗi. Ba aikinsa ba ne ya tantance inda ta sauka, aikin alƙali ne da mataimakinsa mai tuta, don haka aka ajiye su a wurin. Su ma ba na ce mugunta suka yi ba, mutane ne, idonsu bibbiyu kamar na kowa, abin kuma ya zo da sauri. Sai dai doka ta ce in an tashi wasa hukuncin alƙali ya zauna, ba a dawo da shi. Karo na uku ke nan Kamaru na doke mu a wasan ƙarshe, bayan na Abijan a 1984 da na Kasablanka a 1988, inda a can ma Henry Nwosu ya ci da ka aka soke, aka ce satar gida ce, har yau ana gardamarta.

Kada ki zaci mu kaɗai abin ya taɓa samu. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Frank Lampard na Ingila ya buga wa Jamus irin ta Ikpeba sak, ta daki ƙarfe ta sauka a ciki, alƙali bai gani ba. Wannan karon masu ƙwallo suka yarda idon mutum ɗaya bai isa ba. A gasar 2014 a Birazil aka sa na'ura mai tsaron layi, da zarar ƙwallo ta ƙetare sai agogon hannun alƙali ya sanar da shi nan take. A ta 2018 a Rasha aka ƙaro na'urar VAR, wadda ke ba alƙali damar zuwa gefen fili ya sake kallon abin da ya faru a talabijin, in ya ga ya yi kuskure ya janye.

Mata ma sun nuna yadda ake yi. Ranar 26 ga Yulin 2025 aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Rabat ta Maroko, ba Raba tamu garin Sardauna ba. Maroko suka fara cin 2, 'yan matanmu suka rama. Ana 2 da 2 alƙaliyar wasan, wata 'yar ƙasar Namibiya, ta busa fanareti ta ba Maroko, ta ce ƙwallo ta taɓa hannun 'yar wasanmu. Da aka ce ta je ta sake dubawa sai ta je, ta kalla, ta dawo ta soke hukuncin da ta yanke da bakinta, alhali filin cike yake da masu gida. Jennifer Echegini ta ci ta uku, Najeriya ta ɗauki kofin karo na 10. Mutanen Maroko sun yi ƙorafi kamar yadda muka yi a 2000, don gardamar ƙwallo ba ta ƙarewa. Abin da ya burge ni shi ne matar nan ba ta ji kunyar komawa ta duba ba.

To 'yar uwa, ke kina da abin da alƙalin Legas bai samu ba. Shi a ƙiftawar ido zai yanke, dubban mutane na yi masa ihu a ka. Ke ba mai korar ki. In abu ya ɓace fara neman abin kafin ki nemi ɓarawo: duba lalita, duba ƙarƙashin katifa, duba haɓar zane. In faɗa ne raba yaran, ki tambayi kowa shi kaɗai, domin yaro ba ya iya magana a gaban wanda ya fi shi gata. In ranki a ɓace yake ajiye maganar sai kin sauke tukunya kin huce, laifi ba ya ruɓewa kafin la'asar.

Ki kuma lura da wanda ke fara kuka. Sau da yawa ɗan riƙo ne, ko agola, ko ɗan kishiyar da ta fita, ko yarinyar da ke yi miki aiki. Irin waɗannan sun saba a ɗora musu, jikinsu ke amsawa tun ba a tambaye su ba. Ɗan gata kuwa ko shi ya aikata yakan tsaya ya dube ki ido cikin ido, don ya san bayansa da ƙarfi. Idan rawar jiki da hawaye ne shaidarki, kullum marar gata za ki riƙa duka, mai laifin kuma yana gefe yana koyon cewa bushewar ido ita ke fid da mutum. Kin ga kin ɓata yara biyu da tsumagiya ɗaya.

Idan kuwa kin riga kin busa, daga baya gaskiya ta fito, ƙofarki a buɗe take, naki wasan ba a tashi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki tara waɗanda aka yi hukuncin a gabansu, ki ce an ga kuɗin, wance ba ta ɗauka ba, kada in ƙara jin wani ya kira ta da sunan nan. Wata za ta ce girmanta zai zube a idon yara. Wallahi ba ya zubewa. Yaran da suka ga uwa ta mayar wa ƙaramin cikinsu haƙƙinsa su ne ke yarda da hukuncinta gobe ko da a kansu ya faɗo, su ne kuma ke kawo mata gaskiya da kansu don sun san za a saurare su.

Ke kuma budurwa da ke shirin zuwa ɗakinki, gidan da za ki shiga akwai ƙannen miji, wataƙila akwai 'ya'yan da za ki tarar. Ranar da aka fara kawo miki ƙara duk ido na kanki, daga ranar za su san ko wace ce ke. Ki tambaya, ki duba, ki sake dubawa, sannan ki yi magana.

Allah ya ba mu haƙuri da yaran da ke hannunmu, namu da na wasu, ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a shafi na gaba.