Kunamar Filasha da Aljihun Ɗalibi

Ni ɗalibi ne mai neman na sabulu da kyamara. Ranar yaye ɗalibai, ko ɗaurin aure, ko walimar 'yan aji, nan kasuwata ke ci. Abin da ya fi ba mai hoto wahala kuwa shi ne haske. Fitilar nan mai walƙiya da muke kira filasha, in tana zaune bisa kan kyamara, sai ta mari mutum a fuska: goshi ya yi ta ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, inuwa ta tsaya ƙiƙam a bango, amarya ta karɓi hotonta tana yatsina. Maganin abin shi ne a sauke filashar, a kafa ta gefe guda, haske ya zo a karkace kamar na hantsi. To, amma wa zai gaya mata lokacin da za ta haska?

Ana iya haɗa su da doguwar waya, sai dai a gidan biki yara za su harɗe da ita. Akwai kuma filasha mai ido, wadda ke tashi in ta ga walƙiyar wata. Wannan araha gare ta, amma ba ta san ubangidanta ba, kowa ya haska tasa sai ta amsa masa, cikin rana tsaka kuwa ta makance. Saboda haka sai rediyo, wato wasu 'yan na'urori biyu, ɗaya bisa kyamara tana aikawa, ɗaya ƙarƙashin filasha tana karɓa. Ni kunama nake ce musu, don aikinsu ɗaya da kunamar bindiga.

Da can PocketWizard ta Amurka ce sarauniya, kuma ta cancanta, sai dai kuɗin guda biyu ya isa mutum ya sayi filasha mai kyau. Tun wajen 2006, da wani mai hoto Ba'amurke, David Hobby, ya shiga koya wa duniya aiki da ƙananan filasha, masu son abin suka yawaita, kamfanonin Sin suka cika kasuwa da masu rahusa. Yongnuo RF-603 na cikinsu: batir ƙanana biyu take ci, tana da tasha 16, kowace ɗaya tana iya aikawa ko karɓa. Ba ta san komai ba sai "haska!" Ƙarfin haske kai za ka taka ka je ka daidaita da hannunka. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni kam ina ganin makaranta ce, domin wanda ya yi wata uku yana wannan zirga-zirga zai san haske kamar yadda ya san hanyar ɗakin cin abinci.

Sai dai 'yan'uwa, a lura da abu guda. Wanda ya sayi kunama, gida ya shiga. Rediyon Yongnuo ba ya jin yaren na Godox, ko da yake duka biyu bisa zango ɗaya suke magana. In kana da tsohuwar filasha, RF-603 ta wadatar. In kuwa yanzu za ka fara, ina ganin gara filashar Godox TT600, wadda mai karɓarta na cikin cikinta, sa'an nan ka sayi mai aikawa guda, X2T, ka riƙa rage haske ko ƙara shi daga inda kake tsaye. Ka duba harafin da ke ƙarshen sunanta, C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, don ƙusoshin mazauninsu sun bambanta.

Kada mai kanti ya ruɗe ka da zancen nisan mita 100. Zauren biki nawa ne ya kai haka? Abin tambaya shi ne, in ka danna sau hamsin, za ta haska sau hamsin? Ka gwada a gabansa, ka koma bayan bango ka sake. Da kunama mai sauƙi kuma kada saurin kyamara ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, in ba haka ba baƙin layi zai cinye gefen hoton.

Masu gadon filasha daga iyaye su yi hattara. Wasu tsofaffin Vivitar 283 suna sakin wuta fiye da bolt 200 ta ƙafarsu, abin da ke iya ƙona kunama ko kyamarar zamani. A kai wa mai gyaran rediyo ya auna kafin a ɗora.