Babur Ɗina da Ciwon da Ba Ya Tashi Sai Inji Ya Yi Zafi

A wannan wata ba zancen makaranta na zo da shi ba, zancen babur ne, kuma na san da yawa daga cikinku sun taɓa ganin irinsa.

Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Djougou, wadda mu muka fi sani da Zugu, iyalina kuwa suna Zongon Parakou. Tsakani kusan kilomita 135 ne, kuma babur ɗin nan ne ke kai ni gida ran Juma'a da yamma, ya maido ni ran Lahadi. A hunturun 2024 sai ya tsiro da wani hali. Da asuba, in na ja cok, wanda a nan muke ce wa sitata, bugu ɗaya ya tashi. Amma da na yi tafiyar minti 15 ya ɗauki zafi, in na saki totur sai ya yi tari biyu ya mutu. A kan hanya yana gudu ba laifi, tsayawa ce ba ya so.

Bakanike na farko bai ma bari na gama bayani ba, ya murɗa kusar ralanti, wato silo a bakin 'yan Nijeriya. Inji ya riƙa ihu ko ina tsaye, mai yana ƙonewa a banza, giya tana shiga da ƙara, kuma bayan kwana biyu ciwon ya dawo. Na biyu ya canza buji. Na uku ya ce kafireta ta gama aiki, in kawo jaka 12 a sa sabuwa, alhali saura mako biyu a yi albashi.

Da ina ɗaukar abin wasa, har ranar da ya mutu mini a tsakiyar mararraba kusa da kasuwar Arzeke, 'yata tana baya, ga babbar mota shaƙe da auduga ta taho. Allah ne ya kiyaye, direban ya taka birki a kan lokaci. Da ƙafafu na tura babur gefe, yarinya tana kuka, 'yan zemijan suna zagina.

A Zugu wani abokin aiki ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya. Shi bai taɓa sukudireba ba tukuna. Ya ce, "Malam, je ka zagaya gari ka dawo mini da shi da zafinsa." Da na dawo, inji ya fara shirin mutuwa, sai ya ja sitata kaɗan. Nan take ya farfaɗo. Ya ce, "To, ka gani? Yunwa yake ji, ba ƙoshi ya yi masa yawa ba."

Na ce, "Baba, a yi mini dalla-dalla, ni ma in gane." Ga abin da na fahimta. Aikin kafireta shi ne gauraya mai da iska daidai gwargwado. In kana gudu, mai yana bi ta babban jiklar. In ka saki totur kuwa, wata hanya daban ce ke ciyar da inji, ƙaramin jiklar, wanda ramin cikinsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Shi ya sa babur ke iya gudu lafiya amma ya kasa tsayawa. Shi sitata rage iska yake yi don mai ya yi rinjaye, saboda haka da safe yana rufa wa ciwon asiri, sai ka maida shi wurinsa gaskiya ta fito. Da a ce jan sitata ya ƙara kashe injin ne, to mai ne ya yi yawa, sai a duba ko sitatan yana maƙalewa, ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko fulota tana cika kwano fiye da kima. Buji ma shaida ne: baƙi mai kunkunniya na nufin mai ya yi yawa, fari fat na nufin ya yi kaɗan. Nawa fari ne, kuma wanda ya canza shi bai ko kalle shi ba.

Ya kwance kwanon kafireta a gabana. A ƙasa akwai jan laka da ɗigon ruwa. Ya ɗaga ƙaramin jiklar ya nufi rana da shi, haske da ƙyar yake wucewa. Ya wanke da mai, ya hura iska, ya bi ramin da silin wayar tagulla guda. Ya gargaɗe ni kada in yarda a soka masa allura ko wayar ƙarfe, don in rami ya faɗaɗa, ba ya komawa.

Nan na fara zagin masu kpayo, sai ya tsayar da ni. Gaskiyarsa kuwa. Dukanmu man kwalba muke sha, ko bayan da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya hau, don a ƙauyen da nake gidan mai ba ya kusa. Datti daga jarka yake zuwa, da tsumman tacewa, da tsatsar tankina ni kaina. Shekara huɗu ina hawa babu 'yar matatar mai a tiyo. Wannan laifina ne.

Aka haɗa, ya yi sauƙi, amma da ya sake zafi sai ralanti ya riƙa hawa da sauka. Dattijo bai gamsu ba. Ya duba supap, ya ce in ratarsu ta matse, ƙarfe na buɗewa da zafi, ba sa rufewa sosai, kuma alamar ɗaya ce da ta kafireta, mutane da yawa sun sayi kafireta a banza saboda haka. Nawa lafiya suke. Sai ya lakato giris ya shafe wuyan robar da ke tsakanin kafireta da inji. Murya ta daidaita nan da nan. Da ya lanƙwasa robar, ga tsaga a ƙasa, inda ido ba ya kai. Da sanyi a rufe take, da zafi roba ta yi laushi ta buɗe, iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya.

Sai da ya sa sabuwar roba da matatar mai, sannan ya taɓa kusoshi, kuma da inji a zafi. Kusar iska ya maida ciki a hankali, ya fito da ita zagaye ɗaya da rabi, ya riƙa gyarawa da kunne, daga ƙarshe ya sauke ralantin da na farko ya ɗaga. Duka da kuɗin hannu ban kashe jaka 4 ba.

Ran Juma'ar nan da gangan na tsaya a Beteru, bayan gadar kogin Weme, na bar shi a kunne ina cinikin doya. Har muka gama ja-in-ja da mai doya yana bugawa a hankali, bai mutu ba. Ita dai 'yata har yau, in mun doshi waccan mararraba, sai ta ƙanƙame rigata ta ce, "Baba, kada ka saki."