Libarbar Kakana

Shekara uku bayan rasuwar kakana muka buɗe adakarsa. Ƙarƙashin tsohon kakin soja da lambobin yabo muka tarar da wani ƙunshi na fatar akuya, cikinsa kuwa libarba ce baƙa mai nauyi, tare da harsasai huɗu da suka yi kore. Tun muna yara muke jin cewa ya ƙwato bindiga daga hannun wani sojan Japan a kwarin Kaladan, lokacin yaƙin Bama a 1944, amma ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu.

A damunar nan 'yan bindiga sun shiga ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da mu. Ƙanena ya ce Allah ne ya kawo mana ita, zai riƙa kwana da ita a zaure. Ban zarge shi ba, domin matarsa na da tsohon ciki. Na roƙe shi dai mu fara nuna wa wanda ya sani.

Baba Saje ya shekara talatin yana gyaran makamai a bariki kafin ya yi ritaya. Da ya karɓe ta, bai kai yatsa kusa da kunama ba. Ya juyar da bakinta ƙasa, ya danna wata sakata da babban yatsa, sai bindigar ta karye biyu kamar an lanƙwasa gwiwa. Gidaje shida na gangarta suka bayyana, ɗaya da harsashi a ciki. Ashe haka muka ɗauko ta a cikin jaka, bisa babur.

"Ɗana, karanta mini nan," in ji shi, yana goge gefenta da ƙyalle. Na karanta: Webley, Mark VI, 1917. Sannan ya nuna mini wata alama mai kama da sawun kaza. Ya ce kibiya ce, hatimin da gwamnatin Ingila ke bugawa a kan kayanta. A Birmingham ake ƙera irinta, sojan Ingila sun fara riƙe wannan samfuri a 1915, harsashinta kuma .455 ne. Wato ta girmi yaƙin Bama da fiye da shekara ashirin, kuma ba ta Japan ba ce. Ya ce mai yiwuwa ta wani hafsa Bature ce, don ba a cika ba ƙaramin soja baƙar fata libarba ba.

Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Labarin da nake taƙama da shi a makaranta, lambobi huɗu sun rushe shi.

Daga nan ya ɗaga bututun sama ya sa na leƙa. Cikinsa duk ramuka ne kamar fuskar mai zanzana. Ya ce harsasan da can suna barin gishiri bayan harbi, in ba a wanke ba sai ya ci ƙarfe. Ya ja guduma baya, ya girgiza gangar, ta yi ƙwas-ƙwas. Ganga mai lafiya, in ji shi, tsayawa take cak daidai da bututu. Wannan kuwa harsashi zai daki gefe. Sakatar ma ta saki.

"Baba, ko sau ɗaya ba za ta tashi ba?" in ji ƙanena.

"Za ta iya tashi. Sai dai ba lalle ɓarawon ta samu ba, hannunka ya fi kusa."

Ya ƙara da cewa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, tsufanta ba ya wanke mai riƙe da ita.

Washegari, da rakiyar mai unguwa, na miƙa ta ga 'yan sanda. Ƙanena ya yi kwana goma bai yi mini magana ba, kuma har yau da gora yake kwana a zaure. Kafin in fita da ita na ɗora farar takarda a kan rubutun, na goga fensir har sawun kazar da 1917 suka fito. Takardar na naɗe cikin fatar akuyar, na mayar ƙarƙashin kakin.