Kafin ka yi wa wayarka filashin, duba agogonta

In ka sabunta babbar manhajar wayarka, sai WhatsApp ya ƙi buɗewa yana cewa kwanan wata ba daidai ba ne, kar ka ce waya ta lalace. A shagona nan Dambatta, ranar kasuwa ana yawan kawo min irin wannan daga ƙauyuka. Wata ma an riga an yi mata filashin, hotuna da lambobi sun tafi a banza.

Android a kan Linux aka gina ta, shi kuwa Linux yana ƙirga lokaci daga 1 ga Janairu 1970. Bayan sabuntawa waya takan mutu ta taso, wani sa'in agogonta ya koma baya shekaru, sai ta jira MTN ko Airtel su ba ta lokaci. To a inda sai ka zagaya bayan gari kake samun sabis, ina za ta samu? Manhajar banki ma sai ta ƙi aiki, don shaidar tsaron da waya ke dubawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa.

Ka shiga saitin, wurin kwanan wata da lokaci. Kashe otomatik, ka saita da hannu, ka zaɓi lokacin Najeriya, GMT+1. In ka samu sabis mai ƙarfi, ka mayar da otomatik.

Amma in kullum ka kashe waya sai agogo ya rikice, wataƙila batir ne ko inji. Sannan ne za ka nemi mai gyara.