Kallon Dogon Dutsi Daga Bisa

A Dubai mutane na biyan kuɗi su hau Burj Khalifa, benen mai tsawon mita 828, don su ga birni daga sama. Mu a Arewa tudunmu kyautar Allah ce. In na hau dutsen da ke gefen garinmu Dogon Dutsi da la'asar, ina hango kwarin Dallol Mauri a shimfiɗe, da gonakin hatsi, da manyan motoci a kan hanyar Yamai zuwa Ƙonni, da mata masu komawa gida ɗauke da itace. Daga can katangun da suka raba maƙwabta ba su kai komai ba. Shi ya sa nake son yaranmu su riƙa hawa, su san girman ƙasar da za su gada, su kuma ji nauyin kula da ita.