Ɗan Damagaram a bakin tekun Dakar

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma da wannan magana a zuciyarsa wani ma'aikaci ɗan Damagaram ya sauka birnin Dakar, bayan ya samu aiki a ɗaya daga cikin hukumomin haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da ke da mazauni a can. Niyyarsa ya yi shekara uku, ya tara abin gina gida, ya koma. Shekara biyun farko ko labule bai saya ba. Yana da kalanda a bangon biro, kowace safiya sai ya soke kwana ɗaya, kamar mai zaman kaso. In an kawo masa shinkafa da kifi sai ya ci don yunwa kawai, ransa yana can wajen tuwon gero da miyar kuka.

Abin da ya fara sassauta shi kofi ne. Wata safiya ya tsaya wurin wani saurayi mai sayar da kofin Tuba a bakin titi, ya miƙa ƴan canji, aka zubo masa daga sama har ya yi kumfa. Da ya kurɓa sai ya ji wani ɗan yaji da harshensa ya sani. Ashe abin da Wolof ke kira "jar" kimba ce, irin wadda tsohuwarsa ke dakawa cikin yaji. Ya tsaya nan riƙe da kofin har ya huce. Tun daga ranar ya koyi gaisuwar mutanen garin, yana cewa "Nanga def", ana amsa masa da dariya saboda karyewar harshensa, shi ma yana tayawa.

Sannu a hankali kwanakinsa suka yi tsari. Da asuba masallacin unguwa, sannan burodi mai zafi da yaro ke sayowa, sannan biro. In an tashi aiki, maimakon ya wuce gida, sai ya bi hanyar gaɓar teku zuwa Sumbejun, inda masunta ke jawo kwale-kwalensu masu zanen launi-launi, mata kuma suna ciniki da ƙarfin murya. Mutumin da ya tashi a garin duwatsu, inda yana yaro ake bin layi da garwa don ruwan sha, sai ga shi zaune gaban ruwan da ido ba ya ganin iyakarsa. Bai iya iyo ba, bai kuma taɓa sha'awar koya ba. Ya ishe shi ya tuɓe takalmi, ruwa ya taɓa ƙafarsa ya koma. A watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Damagaram, shi iska mai sanyi ke kaɗa masa riga, har ya kan ji ɗan nauyi in ya tuna ƴan'uwansa suna kwana a tsakar gida suna fifita.

Daren Asabar kuwa na masu nama ne. A Dakar akwai Hausawa masu gashi, da yawansu ƴan Nijar, har mutanen gari suna kiran irin gashinsu "dibi Hausa". Nan ya kan zauna bisa benci, a yanka masa nama a takarda, a barbaɗa yaji da ƙuli-ƙuli, a ɗora shayi. Shayin nan uku ne kamar na gida, sai dai a can sunansa ataya. Tsakanin na farko mai ɗaci da na uku mai zaƙi ake jin labarin damina, da farashin buhun gero, da wanda ya yi aure, da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ba nama ne ke kai shi ba, domin likita ya ce ya rage. Yana zuwa ne don a ce masa "Sannu da zuwa, Alhaji, ina gajiya?" ba tare da ya fassara komi a kansa ba.

Uwargida ta same shi a shekara ta uku, ta kuma riga shi sabawa. Da ta ga ana sayar da gero a kasuwa sai ta nemi turmi, ranar Lahadi ta dama fura. Maƙwabciyarta ta koya mata cebujen, shinkafa da kifin da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2021, ita kuma ta koya mata dambu. Ranar babbar Salla cinyoyin rago na ƙetare katanga ta kowane ɓangare.

To amma daɗin nan yana da kuɗinsa. Mahaifinsa ya rasu yana biro, kuma kafin ya samu jirgi zuwa Yamai, ya bi mota kusan kilomita 900 zuwa gida, an yi kwana uku da binne shi. Ƴaƴansa kuma a Dakar aka haife su. Suna jin Hausa, amma in sun yi faɗa da Wolof suke yi. Ran nan autarsa ta tambaye shi: "Baba, in mun tafi gidanku, yaushe za mu komo gida?" Ya buɗe baki zai gyara mata magana, sai ya rasa ta inda zai fara, ya ce ta kawo masa ruwa.

Yanzu shekara ukun nan ta haura ashirin, ritaya ta matso. Gidan da ya zo nema an gama shi tuni, ƙanensa ke kwana ciki yana tsaronsa. Zai koma, don can kabarin mahaifinsa yake, can kuma tsohuwarsa ke jiransa. Sai dai ya daina soke kwanaki a kalanda, kuma abin da ke damunsa shi ne shekara biyun farko da ya zubar yana ƙirga, bai ɗanɗani komi ba. In sabon ma'aikaci ya zo daga gida da fuska a murtuke, ba ya yi masa wa'azi. Ya kan ja shi wurin mai kofi ya ce: "Sha, ƙanena, ka gaya mini abin da ka ji a ciki."

Ya riga ya sayi ƙullin garin kofin Tuba ya ajiye cikin akwati. Kimba dai akwai ta a kasuwar Dole. Allah ya kai kowane baƙo gida lafiya.