Doya Biyar: Daga Salaga Zuwa Yandi da Bawku



A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2023 Allah ya nufe ni da ziyarar zumunci zuwa arewacin Gana, inda danginmu suke warwatse a garuruwa uku: yayata tana aure a Salaga, ƙanena yana aiki a Yandi, mahaifinmu kuwa yana zangon Bawku. Gaisuwa kawai ta kai ni, amma sai na dawo da wata tambaya wadda ta shafi kowane gida mai 'ya'ya, wato a kan me muke yi wa yaranmu tafi, kuma me suke koya daga tafin namu.

Salaga, garin rijiyoyi

Daga Kumasi na hau mota zuwa Yeji, na shiga jirgin fito ya tsallakar da mu tafkin Bolta zuwa Makango. Wannan tafki bai kai shekara ɗari ba, madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ita ce ta haife shi, ya datse tsohuwar hanyar da fatake suke bi. Daga Makango zuwa Salaga ba nisa.

Duk Bahaushen da ya taɓa jin an ce “goron Gwanja” ya ji labarin Salaga ko bai sani ba. A nan ayarin Kano da Katsina da Sakkwato yake sauke jakai bayan tafiyar watanni, ya sayar da tufafi da fatu da kanwa, ya ɗauki goron da ake kawowa daga dazukan Asante. A nan kuma aka yi cinikin bayi, abin da ba a ɓoye shi, domin har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, ga tsofaffin rijiyoyi birjik a bayan gari. Yaƙin basasar 1892 shi ya watsa kasuwar, malamai da attajirai suka bazu. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Karachi ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a 1934. Salagar yau garin doya ce. Tun daga bakin tasha za ka ga an jibge ta tuli-tuli, ana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu.

Na iske gidan yayata a hargitse da shiri, domin Juma'a 1 ga Disamba ita ce Ranar Manoma. Asalin wannan rana yunwa ce. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona, ga kuma 'yan ƙasar kimanin miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a shekarar nan. Da damina ta yi kyau a 1984, sai hukuma ta ga ya kamata a gode wa manoma. Aka yi bikin farko a Osino a 1985, kuma gwarzon wannan shekara adda biyu ya samu da takalman roba da rediyo. Daga baya aka mai da Juma'ar farko ta Disamba ranar hutu, kyauta ta girma har ta kai mota da gida. A 2023 babban taron a Tarkwa aka yi shi, kuma mace ce ta zo ta ɗaya a duk ƙasa, Charity Akortia. Amma kowace gunduma tana yin nata taron, kuma a nan ne ake ganin yara, domin makarantu ma suna shiga da abin da suka noma.

Ɗan yayata, Abdul-Basit, shekararsa 13, yana ƙaramar sakandare, kuma yana cikin ƙungiyar lambu ta makarantarsu. Malaminsu ya ce kowa ya kawo abin da ya fi kyau daga kunyoyin da aka ba shi ya kula da su. Yaron ya zaɓi doya biyar, irin pona, ya wanke su, ya shimfiɗa a kan buhu yana ta dubawa. Madaidaita ne, babu wadda za ta tsayar da mai wucewa.

Daren Alhamis wani maƙwabci ya shigo da wata ƙatuwar doya a kafaɗa, tsawonta ya kusa kai ƙugun yaron. Ya ce, da kyakkyawar niyya a ganinsa, a sa ta cikin na makaranta, in an tashi a mayar masa. Bayan ya fita, Abdul-Basit ya zo ya durƙusa kusa da ni.

Ya ce, “Kawu, in na sa ta, ƙarya na yi? Ai ba zan buɗe baki in ce tawa ce ba.”

Na ce, “In alƙali ya tsaya ya tambaye ka wace kunya ta fito, me za ka ce?”

Ya yi shiru. Can ya ce, “To ai duk abokaina za su ce ni na hana mu ci.”

Ban ƙara masa komai ba, domin na ga nauyin ya riga ya hau kansa. Da asuba na ga ya ɗauki doyar ya mayar wa mai ita.

Filin taron ya cika tun da hantsi, hazon hunturu ya rufe sama. An kafa rumfuna, an jera doya da rogo da masara da dawa da gyaɗa da waken suya, ga raguna da awaki a ɗaure, ga zabi cikin kwanduna suna ta kururuwa. Sarakuna suka iso cikin batakari, makaɗa na biye. A gefe guda aka baje kyaututtuka: adduna, takalman roba, injin feshi na goyo, buhunan taki, kekuna, da babur mai ƙafa uku wanda idon kowa yake kansa. Yara 'yan makaranta suka tsaya bayan teburansu cikin tufafin makaranta, kowa ya haddace abin da zai faɗa. Wata yarinya ta yi bayanin yadda ake haɗa takin gargajiya daga kashin dabbobi da ganye, ba gargada ko kaɗan, har dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Jawabai suka yi tsawo, muka je muka yi sallar Juma'a muka dawo, sa'an nan aka fara kiran sunaye.

Ba a kira makarantar su Abdul-Basit ba. Wata makarantar ƙauye ce ta ɗauki kyautar. Na ga idon yaron ya kawo ruwa, abokansa biyu kuma suna harararsa. Sai na ja shi muka je wurin wani malamin gona, na tambaye shi yadda ake zaɓe. Ya yi dariya ya ce ai ba a kan teburi ake cin wannan gasa ba. Tun da damina suke zagaya gonaki, su duba tsabtar gona da tazarar shuka, su tambayi abin da aka kashe da abin da aka samu. Makarantar da ta ci, in ji shi, yaranta suna da littafi wanda suke rubuta ranar shuka, da ranar noma, da kuɗin iri. Ya dubi doya biyar ɗin nan ya ce, “Waɗannan lafiyayyu ne. Ina littafinku?” Babu littafi. Ashe da an sa doyar maƙwabci ma, da ba ta ƙara musu komai ba sai zunubi. Gaskiyar Hausawa, kayan aro ba ya rufe katara.

Yandi, gidan gimbiya

Ran Asabar na ɗauki Abdul-Basit muka bi ta Bimbila zuwa Yandi, domin ƙanena ya matsa mu halarci bikin cikar 'yarsa shekara 7. Yaron ya ɗaure doyarsa biyar cikin buhu, ya ce tsarabar kawunsa ce.

Yandi ita ce mazaunin Ya-Na, sarkin Dagwamba. Garin ya ga baƙin kwana bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a 2002, aka shekara 17 ana jan rigima, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu. A nan kuma kabarin Babatu yake, jarumin Zabarmawa wanda ya rasu a 1907. Mutanen garin sun san bikin haihuwa tun kafin zuwan kek, domin Damba, babban bikinsu, a watan Mauludi ake yinsa.

Bikin gidan ƙanena kuwa wani iri ne dabam. An ɗora shi a kan jigo guda, wato gimbiya, irin ta majigin yara na Turawa. Komai ruwan hoda ne: balan-balan, labule, kofuna, har da kek mai siffar fada. An sa wa Rukayya doguwar riga da kambin roba, an ce duk yarinyar da aka gayyata ta zo da shiga mai wannan launi. An ɗauko mai hoto, an yi hayar kujeru. Yarinyar tana ta murna, kuma ba zan ɓoye ba, murnarta ta shiga raina.

Da na keɓe da ƙanena na tambaye shi abin da ya kashe, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Yaya, rabi bashi ne. 'Yan ajinsu duk an yi musu, ta yi ta kuka, na kasa.”

Ana shirin yanka kek sai na lura da ƙofar gida. An rufe ta, amma ga idanu ta kowace kafa. Yaran unguwa ne, sun fi ashirin, ba mai riga ruwan hoda a cikinsu. Kakar yarinyar ta wajen uwa, wadda muke kira Hajiya, ita ma ta gani. Ba ta taɓa kiran jikarta Rukayya ba, Lami take ce mata, domin ranar Alhamis aka haife ta. Haka kakanninmu suka riƙe haihuwa, da ranar mako: Ladi, Talatu, Balaraba, Jummai, Asabe, Ɗanjuma. Dagwamba ma suna da Atani da Lamisi, Asante suna da Kofi da Ama. Ba sau ɗaya a shekara suke tuna ranar ba, kullum aka kira mutum an tuna ta.

Hajiya ta ce, “Lami, wace irin gimbiya ce mutanenta suke waje ita tana ciki?”

Aka ce kek ba zai isa ba. Sai Abdul-Basit ya tashi ya jawo buhunsa. Nan da nan mata suka feraye doya biyar ɗin, aka soya, aka daka yaji, aka buɗe ƙofa. Lami da kambinta ita ta riƙa zagayawa da faranti. Wani yaro ya tambaya wa ya kawo doyar, Hajiya ta nuna Abdul-Basit ta ce, “Shi ya noma ta da hannunsa.” Yaran suka yi masa tafi. Tun daga Salaga ban ga haƙoransa ba sai a lokacin.

Bawku, inda ake kwana da wuri

Na sa yaron a motar Salaga, ni kuma na yi arewa ta Gushegu, na gangara dutsen Nakpanduri, na bi ta Garu zuwa Bawku. Nan ƙasa ta fi bushewa, gero da dawa sun maye gurbin doya. Garin yana kusa da iyakar Burkina Faso da ta Togo, Kusasi da Mamprusi da Busanga da Mosi da Hausawa duk suna cin kasuwa ɗaya, kuma ta wannan yanki motocin albasar Galmi suke shigowa daga Nijar zuwa Kumasi da Akra. Bawku ma tana da jar albasarta wadda ake nomawa da rani. Sai dai rikicin sarauta da ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya raunana garin, kuma lokacin da na je akwai dokar hana fitar dare.

A gidan Malam na haɗu da Sule, ɗan almajirinsa, mai kimanin shekara 11. Kafin ya tafi makaranta yakan je lambu ya yi ban ruwan albasa, in ya dawo ya duba zabinsa guda tara, waɗanda ya sa kaza ta ƙyanƙyashe masa ƙwansu. Na tambaye shi ranar haihuwarsa, ya ce Juma'a ce, da kaka. Da na ba shi labarin Salaga sai ya ce, “Malam ƙarami, ana ba da kyautar zabi?” Na ce ana bayarwa. Ya ce shi bai taɓa zuwa irin wannan taro ba, domin babarsa ba ta barinsa shiga taron jama'a. Ba a taɓa yi wa wannan yaro tafi ba, ga shi kuwa ya fi su duka aiki.

Da dare na kwashe labarin duka na gaya wa mahaifinmu, na tambaye shi hukuncin bikin ranar haihuwa. Ya ce malamai sun saɓa. Wasu sun hana, suna ganin koyi ne da abin da ba namu ba. Wasu sun ɗauke shi al'ada wadda babu laifi a cikinta matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ko almubazzaranci ba. Ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana azumtar Litinin, kuma ya danganta hakan da cewa ranar aka haife shi, wato godiya ce hanyarsa ta tunawa. Sa'an nan ya ce, “Kafin ka kai ga hukunci, tambayi ƙanenka abu uku: da kuɗin wa aka yi, wa ya ci, kuma me yarinyar ta koya. Na farko ya faɗi. Na biyu da na uku Hajiya ta cece shi.”

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, yaro yana bukatar ya san ana son sa ba don ya ci wata gasa ba, kamar yadda Lami ta sani ran nan. Yana kuma bukatar a ga aikin hannunsa a yaba, kamar yadda Abdul-Basit ya nema, Sule kuma bai samu ba. Mun iya kashe kuɗi a kan na farko har da bashi, na biyun kuwa wanda ba ya cin komai mun bar wa hukuma, sau ɗaya a shekara.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu da makarantun Islamiyya ita ce, ranar walimar sauka ko rufe karatu a ware teburi biyu ko uku, kowane yaro ya kawo abin da ya shuka, ko ya kiwata, ko ya ɗinka, ya yi bayani da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a kawo na aro. Wanda kuma zai yi wa ɗansa biki, ya yi daidai ƙarfinsa, ya bar ƙofa a buɗe.

Kafin in bar Bawku na sayi zabi biyu a hannun Sule da kuɗin kasuwa, na ƙara masa littafin rubutu da alƙalami, na nuna masa inda zai sa ranar ƙyanƙyasa da kuɗin dawa. Da daminar 2024 ta faɗi, yayata ta buga mini waya ta ce Abdul-Basit ya ware wani littafi nasa, ya rubuta a shafin farko: kunya arba'in, ranar Asabar.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a gonakinmu, ya zaunar da Bawku da sauran garuruwanmu lafiya. Amin.